Direba, pilote ko me? Ina neman kalma kafin Litinin

Hadiza (Tawa): Salamu alaikum jama'a. Ina sabunta takardar da ɗalibaina ke bi su haɗa psqlODBC da hannunsu, wato abin da ke sada manhaja da rumbun bayanai na PostgreSQL. Tsohuwar da Faransanci take, kuma ba ta ambaci unixodbc-dev da libpq-dev ba, wato kayan da sai an girka su tukuna, sai configure, umarnin da ke duba ko kayan sun cika, ya riƙa tsaya wa yara a tsakiya. Na gyara wannan, na ƙara cewa in daga ma'ajiyarsa ta git aka ɗauko, sai an fara da umarnin bootstrap kafin configure, make, make install. Yanzu so nake ta fito da Hausa. Kalmar rumbun bayanai ta zauna. Shi kansa abin fa, me za a kira shi? Faransanci ya ce pilote, Ingilishi ya ce driver, wato direba. Darasi ranar Litinin, ƙarfe 8.

Sani: Direba mana, Malama. Wa bai san direba ba?

Hadiza: Na gwada bara. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce to ina motar.

Iliya (Yamai): Yaron ya fi mu gaskiya, ba tuƙi abin yake ba. Manhaja tana magana da yaren ODBC, wanda Microsoft ta fitar a 1992, shi kuma PostgreSQL yana da nasa yaren. Wannan yana tsakiya yana juya magana. In kin koma wani rumbun, kamar MySQL, shi kaɗai za ki sauya, manhajar ba ruwanta. Tafinta ke nan.

Malam Abdu: Tahinta? Ai Ingilishi ta, an lanƙwashe mata wuya tun zamanin Nasara. An gudu ba a tsira ba. Ni zagi nika cewa. Shi ka shiga gaban dokin sarki yana buɗe hanya. Na rubuta hakanga ga takarduna tun da daɗewa.

Iliya: Allah gafarta Malam, zagin doki da zagin ashar rubutunsu ɗaya. Malama ta rubuta a allo "ku sauke zagi ku girka shi", ajin ya watse ke nan.

Sani: 😂 A Kano dai direba suke cewa, kuma ba wanda ya mutu.

Malam Abdu: Kano ba alƙibla ta ba, ɗana. Tun 2025 doka ta ce Hausa ita a harshen ƙasa nan Nijar. Sai mu ci gaba da roƙon kalma ƙetaren iyaka?

Iliya: Dokar nan ita ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, Malam. Kuma ku da kuke ce wa malamin lakwal mushe, wa kuka roƙa?

Malam Abdu: Wancan kuskuren iyaye na. Ba dole mu ƙara bisa ba.

Zara: Ku yi haƙuri, ni wata damuwa gare ni. psqlODBC ɗin kala biyu yake fitowa, na Unicode da na ANSI, wato tsarin ajiye haruffa iri biyu. A wurin aikinmu wani ya sa na ANSI a kan Windows, sunayen mutane duk ƙ da ɗ da ƴ suka koma alamar tambaya, Ɗanladi ya zama ?anladi. Kwana biyu muna gyara. Yaya Hadiza, kowane suna kika ba shi, ki rubuta da jan alƙalami cewa na Unicode za su ɗauka.

Hadiza: Na sa, ƙanwata, na gode. Ga wata kuma: manhajar unixODBC, shi ke duba fayil ɗin odbcinst.ini ya zaɓi wanda za a kira cikin irin waɗannan direbobin. Shi me za a ce masa?

Malam Abdu: Sarkin Zagi! Kun gani? Sarauta ta da ad da ita tuni. Tsarina ya hi naku cika.

Iliya: Wannan kam ya yi daɗi, ba zan ƙi ba. Amma sarkin tafintoci ma yana faɗuwa a baki.

Hadiza: Dare ya yi. Na rubuta tafinta, a karon farko na ce shi ne pilote, tun da shi za su gani a littattafansu. unixODBC na bar shi da sunansa, na bayyana aikinsa a layi ɗaya. Har yanzu ba wanda ya taɓa min aikin make ɗin: haɗawa zan ce ko ginawa?

Sani: Haɗawa. Gini sai da siminti.

Malam Abdu: Ki sa tahintarki, ɗiyata, aji naki na. Ni dai ga takarduna zagi za ya zauna.