An daina tallafa wa Windows 10, kwamfutata kuma ba ta cancanci Windows 11 ba: ina mafita?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai furosesan Intel Core i5 na zubi na shida, da ƙwaƙwalwar RAM gigabayit 8, da rumbun ajiya irin na da, wato mai faifan da ke juyawa. Windows 10 ce a kanta, kuma har yanzu tana biya mini bukata: rubutu a Word, lissafin shiga da fita a Excel, karanta imel, shiga asusun banki ta burauza, da buga takardu a firinta. Ina sane da cewa kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafin Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma manhajar PC Health Check ta nuna mini cewa na'urar ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Shawarwarin da nake samu sun saɓa wa juna. Wasu suna cewa in ci gaba da aikina tunda ina da manhajar kashe bairos, wasu suna cewa akwai dabarar da ake tilasta wa kwamfuta karɓar Windows 11, wasu kuma suna cewa in koma Linux, wata babbar manhaja ta dabam da ake sakawa a madadin Windows. Ina roƙon wanda ya san lamarin ya fayyace mini girman haɗarin da ke cikin zama a kan Windows 10, da kuma hanyar da ta fi dacewa da mai irin aikina, domin ba na son in jefar da na'urar da ke da lafiya.

Makanikin Kwamfuta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutarka ba za ta daina tashi ba, lasisinka bai mutu ba, kuma fayilolinka suna nan yadda ka bar su. Abin da aka yanke shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin yake fitarwa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, kuma a nan ne haɗarin yake, ko da yake ba ya bayyana a rana ɗaya.

Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a sassa masu yawa na asalin gininsu. Saboda haka duk lokacin da aka toshe wata kafa a Windows 11, masu kutse sukan ɗauki gyaran su kwatanta shi da abin da yake kafinsa, su gano ainihin inda ɓarakar take, sannan su duba ko tana nan a Windows 10. Sau da yawa tana nan, kuma babu mai toshe ta. Ke nan kowane wata ana ƙara wa maharan sanin ƙofofin da ke buɗe a na'urarka, alhali kai ba a ba ka abin rufe su ba. Manhajar kashe bairos tana da amfaninta, kuma Microsoft Defender, mai kashe bairos da ke zuwa cikin Windows, zai ci gaba da samun sababbin bayanan gano ƙwayoyin cuta har zuwa 2028, amma aikinta shi ne kama mugun fayil ko mugun motsi, ba ɗinke ɓarakar da ke cikin babbar manhaja ba.

Akwai abin da ya faru a watan Mayu na 2017 da ya isa misali. Ƙwayar WannaCry, wadda take kulle fayilolin mutane ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta kuma tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Ta shiga ne ta wata kafa a tsohon tsarin musayar fayiloli na Windows, ba tare da mai kwamfuta ya danna komai ba, kuma an riga an fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka gyaran ba. Lamarin ya yi tsananin da sai da kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa har ga Windows XP, wadda aka daina tallafa wa tun 2014. Mai shiga asusun banki a kwamfutarsa bai kamata ya dogara da irin wannan alfarma ba.

Game da sharuɗɗan Windows 11, ina shawartar duk mai karanta wannan ya fara duba dalilin da PC Health Check ta ba shi kafin ya yanke ƙauna. Kwamfutoci da yawa suna da TPM 2.0, wato sashen tsaro da Windows 11 take bukata, sai dai an kashe shi a saitunan BIOS, waɗanda ake shiga kafin Windows ta tashi, inda yake zuwa da sunan PTT a na'urorin Intel ko fTPM a na AMD, kuma kunna shi tare da Secure Boot, wato tsarin da ke tantance manhajar da ke tayar da kwamfuta, kan warware matsalar nan take. Amma a taka matsalar, Malam, wannan ba zai wadatar ba, domin jerin furosesocin da aka amince da su ya fara ne daga zubi na takwas na Intel, in ban da 'yan kaɗan na zubi na bakwai, naka kuwa na shida ne.

Abin da zan ce ka yi yau, kafin kowace muhawara, shi ne ka shiga shirin ƙarin wa'adin tsaro da ake kira ESU. Za ka same shi a sashen Windows Update matuƙar kana kan sigar 22H2, wadda ita ce ta ƙarshe, kuma kana da asusun Microsoft. Ana iya shiga ta hanyar amincewa a adana saitunan kwamfutarka a asusun, ko da makin Microsoft Rewards, ko a biya. Gyaran tsaro kawai yake bayarwa, kuma ga masu amfani na gida wa'adin da aka sanar a 2025 shi ne 13 ga Oktoba, 2026. Lokaci ne na yin shiri, ba mazauni ba.

Malamar Lissafi ta rubuta:

Na yarda da bayanin Malam Makaniki, kuma ina so in yi magana a kan Linux, domin masu ba da wannan shawara sukan zuzuta ta fiye da kima, masu ƙin ta kuma sukan tsorata mutane ba gaira ba dalili.

Ta fuskar ƙarfin na'ura babu wata damuwa. Linux Mint 22, wani nau'i na Linux da aka gina a kan Ubuntu 24.04, za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, kyauta ce, kuma gigabayit 8 sun ishe ta har da rara. Fuskarta ta Cinnamon tana da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu da jerin manhajoji kamar yadda mai Windows ya saba, don haka ba sai ka koyi rubuta umarni ba kafin ka buɗe imel. Firefox yana zuwa a cikinta, ana iya saka Chrome, kuma shafin banki ba ruwansa da babbar manhajar da ke ƙarƙashin burauza in dai burauzar sabuwa ce.

Inda ake tuntuɓe shi ne Word da Excel, domin ba a yi su don Linux ba. LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta da ke zuwa cikin Linux Mint, tana buɗe fayilolinsu tana kuma adanawa a tsarinsu, kuma ga wasiƙa ko rahoto ko jadawalin tarawa da ɗebewa ba za ka ga bambancin kirki ba. Amma idan takardunka suna da tsari mai sarƙaƙiya, ko kana musayar su kullum da mutanen da ke gyara su a Word, za ka riƙa ganin layi ya goce ko shafi ya ƙaru, galibi saboda nau'in haruffan da aka yi rubutun da su babu su a ɗaya ɓangaren. Idan kuwa jadawalinka na Excel yana ɗauke da makro na VBA, wato ƙananan umarnin da ake rubutawa domin su yi aiki da kansu a cikin jadawali, to sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, domin wasu suna aiki wasu ba sa yi. Akwai Word da Excel na cikin burauza, waɗanda ake amfani da su kyauta da asusun Microsoft, sai dai suna bukatar intanet kuma su ma ba sa gudanar da makro na VBA.

Alherin da ke cikin lamarin shi ne ba sai ka yi caca ba. Ka sauke Linux Mint daga shafinta na asali, ka ɗora ta a kan filashi, ka tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da ka girka komai ba. A wannan yanayi rumbunka yana nan ba a taɓa shi ba. Ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara, ka haɗa firintarka ka buga shafi, sannan ka buɗe kwafin fayilolinka mafiya wahala, ba mafiya sauƙi ba. Yawancin firintocin zamani suna aiki ba tare da neman direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta, amma wasu tsofaffi, musamman masu haɗe da sikana, sukan ba da wahala, kuma gara ka san haka tun kafin ka goge Windows. Za ka ga tana ɗan nauyi daga filashi, wannan kuwa laifin filashin ne.

Dattijon Ofis ya rubuta:

Ni ina ganin an yi saurin wuce zancen tilasta Windows 11, alhali ga mutum irin mai tambaya ita ce hanyar da ba za ta canza masa komai a aikinsa ba. Manhajar Rufus, wadda ake shirya filashin girkawa da ita, tana da zaɓin cire sharaɗin TPM da Secure Boot, kuma furosesan zubi na shida yana ɗauke da umarnin SSE4.2 da sigar 24H2 ta Windows 11 ta wajabta, don haka za ta tashi ta yi aiki.

Sai dai dole a faɗi abin da ke biye da ita. Kamfanin ya bayyana cewa na'urar da ba ta cika sharuɗɗa ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa. A aikace gyaran wata-wata yakan zo, amma babbar sigar shekara ba ta saba zuwa da kanta ba, kuma kowace siga ta Home da Pro wata 24 kacal ake tallafa mata. Wanda ya tilasta girkawar ya manta da ita zai wayi gari bayan shekara biyu yana cikin halin da ya gudu daga gare shi, ga kuma zaton cewa yana cikin tsaro, wanda a ganina ya fi sanin kana cikin haɗari muni. Saboda haka wannan hanya ta mai iya sake girkawa da hannunsa ce lokaci zuwa lokaci. Haka kuma ina gargaɗi da babbar murya a kan kwafin Windows da wasu suka yi wa kwaskwarima suka watsa a intanet da sunan mara nauyi ko wanda aka riga aka buɗe lasisinsa, domin babu wanda ya san abin da aka cusa a ciki.

Kuma ko wace hanya ka bi, Malam, ka sauya rumbun nan mai juyawa da SSD, wato rumbun ajiya mara faifai wanda ya fi sauri. Windows 11 a kan tsohon faifai azaba ce.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na shiga shirin ESU kamar yadda aka ce. Jadawalina ba su da makro ko ɗaya, kuma Office 2019 nake amfani da ita. Ni ba gwanin girke-girken manhaja ba ne, don haka hankalina ya fi karkata ga shawarar Malama, amma ina fargabar in goge Windows sannan in tarar da wani abin da na manta ina bukata. Shin raba rumbu gida biyu, a saka Windows da Linux kowace a nata ɓangaren, zai magance wannan?

Makanikin Kwamfuta ya rubuta:

Da farko, Malam, Office 2019 ma an daina tallafa mata a wannan rana ta 14 ga Oktoba, 2025, tare da Office 2016, kuma shirin ESU bai shafe ta ba. Fayil ɗin Word ko Excel da ya zo a imel yana cikin tsofaffin hanyoyin da ake shigo da cuta, don haka kada ka buɗe na wanda ba ka sani ba, kuma kada ka danna maɓallin ba da izinin gyara ko na kunna makro sai ka tabbatar da wanda ya aiko. Wannan ma ya rage nauyin hujjar tilasta Windows 11, tunda ko ka yi haka sai ka sake neman wata Office ɗin.

Raba rumbu yana yiwuwa, kuma mai girka Linux Mint yana ba da zaɓin hakan, amma ban cika son sa ga wanda bai saba ba, domin kuskure ɗaya wajen zaɓen ɓangare yana iya cinye fayilolin shekaru. Tunda Dattijo ya kawo zancen SSD, akwai hanyar da ta fi wannan aminci. Kwamfutar da ke da faifai mai juyawa kusan kullum tana da gurbin inci 2.5 na SATA, kuma SSD mai wannan girma yana shiga daidai. Ka cire tsohon rumbun yadda yake, da Windows ɗinsa da komai, ka ajiye shi gefe, ka saka sabon, ka girka Linux Mint a kansa shi kaɗai. Idan bayan wasu makonni ka ga akwai aikin da ya gagara, mayar da tsohon bai wuce kwance 'yan ƙusoshi ba, kuma za ka same shi kamar yadda ka bar shi. Idan kuwa komai ya tafi daidai, sai ka saka shi a akwatin rumbu mai igiyar USB ka riƙa ɗebo fayiloli daga ciki.

Kafin ka taɓa ƙusa ko ɗaya, ka kwafe takardunka da hotunanka a wani wuri na dabam, ka buɗe kaɗan daga cikin kwafin don ka tabbatar suna buɗuwa. Ka fitar da kalmomin sirrin da burauzarka ta adana, ko ka kunna daidaitawa da asusunka domin su biyo ka. Ka duba ko an kulle rumbun da BitLocker, wato tsarin Windows na ɓoye bayanan da ke cikin rumbu. Idan an kulle, ka nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 ka rubuta shi a takarda, domin sauya saitin BIOS ko ɗora rumbun a wata na'ura yana iya sa a tambaye ka shi. Bayan girkawa kuma, ka buɗe manhajar sabuntawa ka saka duk abin da ta kawo, sannan ka kunna Timeshift, wadda take ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci domin a iya komawa baya idan wata sabuntawa ta kawo cikas. Ka lura cewa a saitinta na asali tsarin kawai take adanawa, ban da takardunka, don haka kwafinsu yana nan a wuyanka.