Haya a dogon bene a tsakiyar gari: in biya ko in dakata?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema cikin gaggawa. Shekara shida ke nan ina haya a bayan gari. Mai gidan mutumin kirki ne, ko kuɗi sun yi latti ba ya ɗaga min hankali. Matsalata hanya. Awa ɗaya da rabi zuwa aiki, awa ɗaya da rabi dawowa, shi ma in babu cunkoso. Ina fita yara na barci, in dawo sun yi barci, har ƙaramin ya fara yi min ƙyuya. Motar ma ta gaji, ba ta wata biyu ba ta kwana wajen makaniki ba, ya ce giya ce, an gyara, yanzu kuma ya ce injin. To dillali ya nuna min gida mai ɗaki biyu da falo a wani rukunin benaye a tsakiyar gari, minti 10 a ƙafa zuwa ofis. Akwai maigadi, akwai lif, akwai wurin ajiye mota. Hayar ta ɗara wadda nake biya da kusan rabi. Ya ce in ban biya zuwa jibi ba akwai mai jira. Uwargida ba ta so, ni kuma na gaji. Me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka ba mu labarin giya da injin, amma ba ka faɗi hawa na nawa ba ne. Sannan kuɗin da aka faɗa maka, da kuɗin hidima a ciki ko babu? A irin waɗannan gidaje haya daban, hidima daban: albashin maigadi, kwashe shara, fitilun baranda, gyaran lif, injin tura ruwa, man janareto. Haya tana tsayawa shekara guda, kuɗin hidima kuwa ana iya ƙara shi a tsakiyar shekara. Ka nemi lissafin bara a rubuce.

Baban Yara: Hawa na bakwai ne, shi ne na ƙarshe. Kuɗin hidima ya ce ba wani abu ba ne.

Injiniya: "Ba wani abu ba ne" ai ba adadi ba ne, Malam. Kuma hawan ƙarshe shi ya fi bukatar bincike. In tankin ruwa a kan rufi yake, ƙarfin ruwa ya danganta da tazarar da ke tsakaninka da tankin. Kowane mita 10 na tsawo yana ba da kimanin "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. Na hawa na biyu yana samun ruwa da ƙarfi, kai da kake mita uku ƙarƙashin tanki ɗigo-ɗigo za ka gani, sai fa in an sa injin ƙara ƙarfi. Injin wanki zai daɗe bai cika ba, wasu hitocin ɗumama ruwa ma ba sa tashi in ruwa ba ƙarfi. Ka je da bokiti mai lita 10, ka buɗe famfon kicin. In ya cika cikin minti ɗaya ko kusa da haka, lafiya. In ya haura minti biyu, akwai magana. Ka sake gwadawa da shawa a buɗe, ka ja ruwan masai a lokaci guda. Sai ka ɗaga kai ka dubi silin, musamman kusurwoyi. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai, tabon yoyo aka rufe. Ga zafi kuma: kankaren rufi yana shan rana wuni guda, da dare ya sako maka shi cikin ɗaki, in tagogin suna kallon yamma abin ya zama biyu.

Maman Biyu: Injiniya, ka faɗi aibin hawan ƙarshe ka bar alherinsa. Babu mai jan kujera a kanka tsakar dare, babu ruwan banɗakin maƙwabci da zai ɗigo maka, ƙarar titi tana raguwa, ga iska. In bututun masai na benen ya toshe, na ƙasa yake ambaliya, ba na sama ba. Ni abin da zan ce a duba shi ne yara. Ka auna ƙarfen baranda: tsawonsa ya kai kamar santimita 110, tazarar sanduna kada ta wuce santimita 10, kuma kada su zama a kwance, don yaro tsani zai mayar da su. Tagogi ma su zama masu makari. Sannan a ina za su yi wasa? Da sun yi guje-guje a falo na ƙasa zai hau ya buga ƙofa. Wasu benayen har shanya a baranda suna hanawa. Kuma wannan hali na maza yana ba ni mamaki, ku zaɓi gida don ya yi kusa da ofis, alhali wadda za ta wuni a ciki da yara ba a kai ta ta gani ba.

Baban Yara: Hajiya ba haka ba ne, na nuna mata hotuna. Kuma ai don in riƙa ganin yaran nake son tashin.

Mai Lissafi: Ni ina bayan Baban Yara. Awa uku a rana, kwana biyar, awa 15 ke nan a mako, ba ƙaramin abu ba ne. Ka yi lissafi a takarda: haya, hidima, wuta, kuɗin wurin mota in ana biya daban. Ka cire man mota da gyaran da za ka huta da su. In abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da ke shigo maka ba, ka shiga. Ka dai tambaya ko mitar wuta taka ce kai kaɗai, don in ta haɗaka ce za ka riƙa biya wa mai na'urar sanyaya ɗaki huɗu.

Injiniya: Lissafin nan bai sa ranar da lif ya tsaya ba. Lif nawa ne a benen? In ɗaya ne, duk ranar gyara ko ɗaukewar wuta ƙafa za ka taka. Hawa ɗaya matakala 17 ko 18 ne, hawa bakwai kusan 120, da tukunyar gas ko yaro a kafaɗa. Ka tambayi maigadi, ba dillali ba, yaushe lif ya lalace na ƙarshe kuma kwana nawa ya yi. Ka sauko ta matakala da kanka har ƙasa. Dogon bene ya kamata ya sami hanyar sauka biyu, don in gobara ta tashi ba a shiga lif. In ka tarar an garƙame ƙofar matakala ta biyu da kwaɗo ko an jibge tarkace a ciki, ka juya kawai. Ka duba kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara. Kafin duk wannan kada ka saki kuɗi.

Tsohon Dillali: "Akwai mai jira" tsohuwar waƙa ce, amma wani lokaci gaskiya ce, gidan tsakiyar gari ba ya daɗewa a kasuwa. Kowa ya tashi sai ya zagi dillali, ba a ganin masu sa mutum yawo gida goma su ɓace ko sallama babu. Shawarata ta saɓa da ta Injiniya: ka ba da ɗan kafin alƙalami, a rubuta a rasit cewa za a mayar in ba a daidaita cikin mako guda ba. Sai ka karanta yarjejeniya: wa'adin sanarwar tashi, yadda ake ƙarin haya, wa ke gyaran famfo da yoyo, sharaɗin mayar da kuɗin ajiya. Wurin mota a rubuta lambarsa, "akwai fili" ba alkawari ba ne. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane bango da karatun mita. Ka auna ƙofar lif kafin ka ɗauko kujeru da firji.

Injiniya: Kuɗin da ya shiga hannu da wuya ya dawo, da rasit ko babu. Kuma har yanzu Baban Yara bai je wurin da dare ba. Ya je ƙarfe 10 na daren ƙarshen mako, ya rufe tagogi ya saurara, ya sake zuwa da safe lokacin da kowa ke wanka ya gwada famfo.

Baban Yara: Na gode duka. Amma gaskiya benen sabo ne, ban ga alamar lif ɗin zai ba da matsala ba, kuma dillalin abokin aikina ne ya haɗa mu, ba zai cuce ni ba. Zafi kuma ai akwai fanka. Gobe zan leƙa da bokitin in na samu lokaci.

Maman Biyu: Ka tafi da uwargida.

Injiniya: Sabon bene ma ai shi ne ba a san halin rufinsa ba sai ya sha ruwan sama. Kuɗin hidimar nawa ne? Har yanzu ba ka faɗa ba.