Abin da na tsinta a hirarmu kan tankokin Tiger na Jamus

Na haɗa shawarwarin da aka ba ƙaninmu da yake son fara karanta tarihin manyan tankokin Jamus na yaƙin duniya na biyu, don hirar ta yi tsawo sosai.

Kusan kowa cewa ya yi ya fara da Tiger I, wacce kamfanin Henschel ya ƙera, ta fara shiga fagen daga a 1942 kusa da birnin Leningrad na Rasha. Nauyinta ya haura tan 50, bindigarta mai milimita 88, sulken gabanta kuma milimita 100. Amma fa an ja masa kunne kada girman bindiga ya ruɗe shi, ya duba injin Maybach da giya da suke yawan ba da matsala, ga shan mai kamar me, ga ƙafafunta masu shiga juna da laka ke daskarewa a tsakaninsu lokacin sanyin Rasha har tanka ta kasa motsi.

Wani dattijo a cikinmu ya ce lissafin yawan tankokin da aka ƙera shi ne gaskiyar magana, kuma ni ma nan na tsaya. Tiger I kusan 1,350 kawai aka yi, Tiger II ta 1944 mai tan kusan 70 ba ta kai 500 ba, alhali Amurka ta ƙera tankokinta na Sherman wajen 49,000.

An kuma ce kada ya sa Panther, wata tankar Jamus, a jerin masu nauyi, su Jamusawa matsakaiciya suka ɗauke ta. In yana son ganin Tiger mai tafiya har yau, Tiger 131 ce a gidan tarihin Bovington a Ingila, a Tunisiya aka kama ta a 1943.