Ƙaiƙayin gaba ga mai ciki, an ba ni ampiclox amma abin sai ƙaruwa yake

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ciki wata biyar. Kwanakin baya haƙori ya dame ni, na sha amoxicillin na gama. Tun daga nan ƙaiƙayi ya taso min a gaba, irin wanda ke hana barci. Farin abu yana fitowa guda-guda kamar gutsuttsuran awara, amma ba ya wari. In na yi fitsari sai zafi kamar an zuba barkono. Mai kemis ɗin layinmu ya ce sanyi ne, ya haɗa min ampiclox da flagyl, sai abin ya ƙara ta'azzara. Surukata ta ce in zauna cikin ruwan bagaruwa, maƙwabciyata kuma ta ce in riƙa tsarki da Dettol. Shin wurin maigida na ɗauka? Kuma zai taɓa abin da ke cikina?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ki sayi fluconazole 150 ƙwaya ɗaya, ni shi nake sha, kwana biyu ya lafa.

Anti Ungozoma:
Maman Sadiq, don Allah a'a. Mai ciki ba ta shan fluconazole sai likita ya ga dole, ana gudun illa ga jariri.

Ƙanwata, abin da kika lissafa ya yi kama da kandida. Wani irin naman gwari ne da ke zaune a jikin mace tun asali, ƙwayoyin cuta masu amfani ne ke danne shi. Amoxicillin ɗin da kika sha ya kashe su, ga ciki kuma yana sauya yanayin wurin, sai kandida ta samu fili. Ampiclox irin wannan ɓarnar zai ƙara yi, flagyl kuma na wata cutar ce daban, mai ruwa tsinkakke da ƙarni. Mu dai komai sanyi muke ce masa, masu kemis kuma su ɗaura mana haɗi iri ɗaya.

Ki je asibiti a ɗauki ruwan da auduga a duba. In ta tabbata kandida ce, maganinki na matsi ne, clotrimazole, kullum da dare har kwana 7, da man shafawarsa a waje. Ki tura da yatsa a hankali, kuma ko ƙaiƙayin ya tafi ki ƙarasa kwanakin. Dettol da sabulu mai ƙamshi ki bar su, ruwa zalla ya isa, a waje kawai. Ki sa wando na auduga, ki daina sosa da farce, don fatar kan tsage har wata cutar ta shiga. Ki roƙa a auna miki suga a wurin awo, domin wadda kandida ke yawan dawo mata, sau uku ko huɗu a shekara, wani lokaci ciwon suga ne a ƙasa.

Jariri a ciki da wuya ta kai masa. Sai dai in an haihu ba a magance ba, yana iya ɗauka a baki.

Hajiya Ta Gwammaja:
Haka ya faru da jikana. Harshensa fari fat, ana cewa nono ne, a goge ya ƙi fita, ya ƙi kama mama. Nystatin na ɗigawa aka ba shi, uwar ma aka ba ta na shafa wa kan nono.

Uwar Biyu:
Na gode Anti. To maigidan fa, shi ma ya sha magani?

Anti Ungozoma:
Kada ki zarge shi, budurwa ma tana yi, kuma ba a kan masai ake ɗauka ba. In kan gabansa ya yi ja yana ƙaiƙayi, ya shafa man clotrimazole. In ba ya jin komai ba sai ya yi magani ba, ku dai ɗan dakata da kwanciya har zafin ya wuce.