Wata bakwai a Legas, addu'a ta ƙi tafiya

Salama 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan da na baro Kafanchan na zo Legas aikin gadi a Agege, dare nake yi, ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Tun zuwana in na durƙusa baki na motsi amma zuciya a bushe ƙayau, ko Zabura na buɗe, aya biyu sai hankalina ya koma kan kuɗin haya da maganar oga cewa wataƙila a rage ma'aikata.

Na yi azumin kwana uku, ciwon kai kawai na samu. Na sami coci mai sujadar Hausa, amma da yake daga aiki nake wucewa barci ke kwashe ni tun ana waƙar farko, sau biyu wata mama tana taɓa ni, kunya ta sa na daina zuwa. Fastonmu na gida ya ce in dogara, gaskiya ne, amma ta yaya?

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, me ka riƙa yi kullum har ka sake jin Ubangiji na tare da kai?