Alhaji ya buɗe gonar kiwo a garinmu, in tura ƙanina ko kuwa?

Ɗan Ringim:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Wani attajiri ɗan garinmu da yake kasuwanci a Kantin Kwari ya sayi fili babba a bayan gari ya kewaye da waya, ya haƙa bohol da sola, ya zuba shanu da tumaki Balami da Uda. Yanzu ya ce zai ɗebi samari ya koya musu kiwon zamani da noman rani kyauta har da abinci, amma sai yaro ya yi shekara yana aiki a gonar. Ƙanina ya gama sakandare yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, Baba kuma ya ce a'a wai bauta ce kawai za a sa yaro kwasar kashin shanu. Sannan yaran Alhajin sun fara zagayen masu gonakin da ke maƙwabtaka da shi suna tayi, har da tamu.

Manomin Kadawa:
Wa alaikassalam. Maganar yaro daban, maganar gona daban, kar ku bari a haɗa muku su. Gona dai kar ku sayar wallahi ko nawa aka taya, in ya matsa ku ba shi haya a rubuce gaban mai gari da shaidu. Mu nan mun ga shigowar masu kuɗi noma, kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 shekarar da ya fara tsutsar nan sharon ta cinye tumatir kaf har aikin ya tsaya, wanda ke da gonarsa sai ya juya ya shuka shinkafa da albasa da ruwan Tiga, wanda ya sayar da tasa fa? Ko babban mai kuɗi noma na iya ba shi kashi, shi yana da abin da zai jure, kai ba ka da shi.

Malamin Dabbobi Dambatta:
Ni ina ganin a tura yaron, amma ka fara zuwa da kanka ka ga wa ke koyarwar. In akwai wanda ya yi karatun abin, ko daga kwalejin noma ta Audu Bako da ke nan Dambatta ko ta Haɗeja ko cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, to alheri ne. Kwasar kashi kuwa ai kowa da ita ya fara, ku faɗa wa Baba da ladabi, ni ma na kwasa. Abin dubawa shi ne bayan wata uku yaro ya iya gane saniyar da ke neman barbara? ya iya haɗa abinci, dusa da harawa da ƙowa da angurya gwargwado? ya san lokacin rigakafin ciwon huhu da boru, ya san maganin kaska da na hanta?
Kuma ka leƙa ka ga irin shanun. Bunajinmu madararta kaɗan ce, lita 1 ko 2 a rana, amma tana jure zafi da yunwar bazara. Friesian zalla kuwa, wato saniyar madara ta Turai, in watan Afrilu ya kama sai ka ganta a inuwa baki buɗe tana haki ta ƙi cin abinci, ga kirci ga kaska. Shi ya sa masu hankali suke haɗa su a samu ruwa biyu, madara ta ƙaru sosai juriya kuma ba ta tafi ba. In ka tarar Alhaji ruwa biyu yake yi to ya san abin da yake yi ko yana jin shawara, in kuwa zalla ya jibge don a zo a ɗau hoto, ba za a daɗe ba.

Maman Yara Gumel:
Ni abin da ke min ciwo kullum samari ake kira, alhali tumaki da awakin gidajen nan mata ne ke ɗawainiyarsu, mu ke ba su dusa mu ke jinyarsu. Ku roƙe shi ya ware rana ɗaya ta mata mana, ko ya riƙa ba da aron rago Balami ana barbara a unguwa, duk wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san bambancin kuɗinsa da na ragon Yankasa.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Gona kam Baba ma ya ce gadon kakanni ce ba zancen sayarwa. Ran Asabar zan shiga gonar da kawunmu tunda shi Baba ke jin maganarsa, zan kuma kai zancen ragon nan. Malam in na ɗauko hoton shanun na turo za ka iya gane ruwa biyu ne ko zalla?