Tsohon depite na son hayar shagona, ta yaya zan san aikin da ya yi a majalisa?

Mai Shago Sabon Gari: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani tsohon depite, wato ɗan majalisar dokokin Nijar, daga jiharmu ta Damagaram, wanda ya shiga a zaɓen 27 ga Disamba 2020, ya aiko yana son shagon ƙofar gidana ya yi biron ƙungiyarsa, wato ofis, jaka 25 (sefa dubu 25) a wata, kuma ni in riƙa masa takardu. Tela ne a ciki yanzu, jaka 15 yake ba ni, bai taɓa saɓa wata ba. Tambayata biyu ce. Ina ake ganin abin da mutum ya yi a majalisa, ko ya taɓa kawo doka ko ya tsayar da minista da tambaya? Kuma wanda ya taɓa aiki da irinsu, suna biya?

Hajiya ta Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi istihara. Kuma jaka 15 a Sabon Gari ai ka yi wa telan sadaka, maƙwabcina 30 yake karɓa.

Ɗan Kasuwar Dole: Hajiya, 30 a ina? Sai dai bakin titi. Cikin lungu ko 12 sai an yi ciniki.

Direban Tanut: Bari in ba ka nawa, ƙanena. Kamfen 2020 wani ɗan takara ya ɗauki motata, aka yi magana jaka 30 a wuni, mai nasu. Babu inda ban shiga ba, Tanut, Belbeji, ƙauyukan da ko amalanke ba ta son hanyarsu, cike da mata masu guɗa da lasifika a bisa. Satin farko aka biya ni cif. Daga nan sai "bari a ci zaɓe". Injin ya buga a rairayi, ni na sayar da tumakin uwargida na gyara. Aka ci zaɓen. Na bi shi har Yamai, maigadi ya ce yana komisiyo, wato zaman kwamitin majalisa. Na dawo washegari, yana misiyo, wato tafiyar aiki. Ranar da na kama shi bayan Juma'a ya rungume ni, ya kira ni ɗan uwa, ya sa mini jaka 5 a aljihu ya ce in sha ruwa. Da sojoji suka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023 aka rushe majalisar, sai ya aiko mini wai shi ma yanzu talaka ne. Har gobe takardar lissafin tana cikin adakata, babu sa hannun kowa a kai sai nawa.

Kabu-kabu 227: Baba Direba, ai ka yi sa'a, an rungume ka. Mu hula muka samu da riga mai hotonsa, tana nan ina goge babur da ita.

Ɗan Kasuwar Dole: Jaka 30 a wuni? Yayana 45 aka ba shi, kuma an biya shi tas. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Mushe Lakwal: Ba wanda ya amsa wa bawan Allah tambayarsa. Malam, aikin depite uku ne: jefa ƙuri'a kan dokoki, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin gwamnati. Galibin dokokin ma daga gwamnati suke zuwa, kaɗan ne depite ke kawowa da kansa. Ka tambaye shi wace komisiyo ya zauna, wace tambaya ya yi wa minista, a wane zama. Mai aiki zai faɗa maka nan take. Sannan ka tuna mu jam'iyya muka zaɓa a 2020, galibi jerin sunaye ne na jiha gaba ɗaya, kujeru 171 a ƙasa. Wanda ya sa sunanka a saman jerin shi kake tsoro, ba mutanen unguwa ba.

Alhaji Maigatari: Gaskiyar Mushe. Ni da nake cin kasuwa a Jigawa, can 'yan majalisar jiha 30 ne, kowa da mazaɓarsa da sunansa a kan takardar yaƙin zaɓe. In bai yi ba, ka san ƙofar da za ka je ka yi masa tijara.

Direban Tanut: Mushe, ka taɓa bin ɗan siyasa bashi? Abin da ka karanta a littafi kake faɗa mana.

Mushe Lakwal: Baba, kai ma mutum ɗaya ka sani, ka yanke wa 171 hukunci. Mahamane Ousmane ɗan garin nan ne, ya shugabanci majalisa daga 1999 har shugaban ƙasa Tandja ya rushe ta a Mayun 2009 kan maganar tazarce. Da majalisa ba ta da haƙori, me zai sa a rushe ta?

Hajiya ta Birni: Ku yara ku rage murya. Wanda ya ga jiya shi ake tambaya, ba mai takarda ba.

Kabu-kabu 227: Ni tambayata, an soke jam'iyyu tun Maris 2025, to biron me zai buɗe? Ko dai tela yake so ya zama shi ma?

Mai Shago Sabon Gari: Ya ce ƙungiyar taimakon matasa ce, ba siyasa ba. Mushe, na gode, zan yi masa tambayoyin. Amma batun biya har yanzu ban gane ba.

Maman Biyu Garin Malam: Taimakon matasa! Ya fara da ruwa. Tun ina budurwa kowane ɗan takara da ruwan Damagaram yake buɗe baki. Ga matatar mai tun 2011 a hanyar Tanut, amma in bazara ta yi sai mu kwana a layin famfo da bidodi. Bara dala 30 (sefa 150) na sayi bidon ruwa ɗaya.

Ɗan Kasuwar Dole: Dala 30? Mu a Kara-Kara har 50 mun saya, kuma sai ka roƙi mai kura.

Mushe Lakwal: Jan famfo ba aikin depite ba ne, sai dai ya matsa a sa kuɗin cikin kasafi.

Maman Biyu Garin Malam: To Mushe, aikin wa ne? Faɗa mana mu je da bidodinmu. Ku na Birni, jiya ruwa ya zo muku kuwa?